Dokar da ta san mara lafiya, ba ta san mai jinya ba

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara tare da albashi, muddin likita ya shaida. Ta ba mace mako 12 na haihuwa. Amma ba ta ware ko wuni guda ga wanda mahaifiyarsa ke kwance a asibiti ba.

Alhali a asibitocin gwamnati mai jinya ne rabin magani. Shi ke bin layin biyan kuɗi, shi ke nemo wanda zai ba da jini, shi ke kwana kan tabarma a baranda. Da safe ya iso ofis a makare, idanu jajur, a tarbe shi da takardar tuhuma. Ba zai faɗi dalili ba, domin an tarbiyyantar da shi a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Inshorar lafiya ma ba ta rufa masa asiri ba. Tsarin ma'aikata na hukumar NHIA ya ƙunshi ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye da mata ta biyu sai an biya musu ƙari, daga albashin da mafi ƙanƙantarsa naira 70,000 ce tun 2024.

Shugabannin ma'aikatu kan ce ofis ba gidan agaji ba ne, kuma in aka buɗe ƙofa maƙaryata za su shigo. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Ma'aikaci yana ɗaukar kwanakin nan ko an ba shi ko ba a ba shi ba, ta hanyar ƙaryar zazzaɓi ko zaman gangar jiki a kujera hankali na asibiti. Takardar kwantar da mara lafiya kuwa ta isa shaida.

Gyaran ba shi da tsada: kwanakin jinya a rubuce cikin ƙa'idar aiki, damar musanya lokacin aiki, rancen albashi marar ruwa, da jami'i ɗaya mai riƙe sirri. Sharaɗin shi ne su zama haƙƙi. Abin da aka bar wa alfarmar oga, na kusa da oga kaɗai ke samu.

A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan an yi musu haihuwa. Wanda ya yarda jariri na buƙatar uba, da wane baki zai ce tsohuwa ba ta buƙatar ɗanta?