Akwatin gem ɗin da muka ƙera da hannunmu



Duk wanda ya taɓa kai kuɗin tararsa gidan gem ya san yadda suke narkewa. Shi ya sa a hutun Afrilu mu huɗu da ke karatu a Birnin Kebbi muka ce bari mu haɗa namu akwatin, irin dogon nan da ake tsayawa a gabansa ana danna maɓallai.

Ba mu ne farau ba. A 1972 wani injiniyan kamfanin Atari a Amurka, Allan Alcorn, ya saka talabijin marar kala cikin akwatin katako, ya haɗa wasan Pong. Ba a jima da ajiye shi a wani wurin shaƙatawa ba aka ce ya lalace. Da ya je dubawa, ashe sulalla ne suka cika mazubin kuɗin.

Mu kuwa kafinta ne ya yanka mana katako. Muka samo tsohon gilashin kwamfuta da Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta mai girman katin ATM da aka fara fitarwa a Ingila a 2012. Wanda bai samu ba, tsohuwar laftof ma ta wadatar. Maɓallan ne suka fi ba mu aiki. Muka buɗe tsohon kibod muka ciro ɗan allon lantarkin da ke ciki. Kowane harafi haɗuwar layi biyu ne a allon, sai mai gyaran rediyo ya liƙa mana wayoyin maɓallanmu a kan layukan da dalma.

Kuskurenmu na farko shi ne rufe akwatin ruf. Zafin Kebbi ya sa kwamfutar ta riƙa nauyi har wasan ya tsaya. Sai da muka huda ramuka a baya muka sa ƙaramar fanka. Gargaɗi kuma: kada ku kuskura ku buɗe tsohon talabijin mai ƙeya, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko an cire shi daga soket.

Da aka zo batun wasan da za mu saka, muka ƙi ɗauko na kowa. Muka rubuta namu da Scratch, manhaja ta kyauta daga jami'ar MIT, wadda ake jera umarni a cikinta kamar bulo. A wasan, masunci ne kan gora a Matan Fada, yana da daƙiƙa 60. Ƙaramin kifi maki ɗaya, giwan ruwa maki goma.

Ranar da muka kai akwatin Argungu, gidan su ɗaya daga cikinmu, yara suka yi layi har zaure. Kakansa, wanda ya tsufa a su, ya leƙa gilashin ya ce, “Yaran nan, wa ya ce muku da homa ɗaya ake shiga? Ai kowane hannu da tasa.” A daren muka gyara zanen. Wannan gyara babu wani kamfanin waje da zai yi mana shi.

Aikinku na wannan mako: ku zana wasan garinku a takarda, ku nuna wa malamin kwamfuta, ku tambaye shi Scratch. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.