Da Ruwan Ciki Akan Ja Na Rijiya: Abinci Da Ɗaga Ƙarfe Ga Mai Murmurewa Daga Ciwon Ƙin Ci

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata muhawara da ke gudana tsakanin likitoci da masana abinci da iyayen yara, wadda nake ganin ya dace ɗalibanmu da malamansu su san da ita, domin kuwa darasin ilimin halittu ne tsantsa. Muhawarar ita ce, idan matashi ya kamu da ciwon ƙin cin abinci har ya rame ya lalace, sa'an nan Allah Ya sa ya fara murmurewa, kuma ya kasance yana cikin mutanen nan da ba su cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, to abinci nawa jikinsa ke bukata, kuma yaushe ya kamata a bar shi ya fara ɗaga ƙarfe don ya mai da ƙarfinsa? Ra'ayina shi ne, akasarin masu wannan hali suna cin ƙasa da abin da jikinsu ke nema nesa ba kusa ba, kuma suna garajen shiga motsa jiki tun lokaci bai yi ba.

Shi wannan ciwo, wanda likitan Ingila William Gull ya raɗa wa suna anoreksiya nabosa a shekarar 1873, ba rashin abinci ke kawo shi ba. Ga abinci a gida, amma tsoron ƙiba ya mamaye zuciyar mai ciwon, har ya riƙa ganin kansa da teɓa alhali ƙasusuwansa a waje suke. Ya fi kama 'yan mata, ko da yake bai bar samari ba, kuma yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Su kuwa masu cin tsiro zalla, waɗanda Turawa ke kira bigan, sun samo sunan ne daga ƙungiyar da Donald Watson da abokansa suka kafa a Ingila a shekarar 1944. Ba su cin nama ko kifi ko ƙwai, ba su shan nono, har zuma ma suna ƙaurace mata, galibi saboda tausayin dabbobi ko kishin muhalli.

Abin mamaki, a wannan shekara ta 1944 ne kuma aka fara gwajin da har yau ya fi kowanne bayyana mana abin da yunwa ke yi wa ɗan Adam. Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ta Amurka ya tara samari 36 lafiyayyu, waɗanda suka ƙi shiga yaƙi saboda aƙidarsu, suka kuma amince a yi gwajin da su. Da farko ana ba su kalori wajen 3,200 a rana, sa'an nan aka rage ya koma kusan rabi har tsawon mako 24. Suka zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Bugun zuciyarsu ya yi ƙasa, suka riƙa jin sanyi ko da rana tsaka, suka zama masu saurin fushi, ba su da zance sai na abinci, har wasunsu suka shiga tara littattafan girke-girke. A lura, waɗannan mutane lafiyarsu lau kafin gwajin. Ashe da yawa daga cikin halayen da ake ɗora wa mai anoreksiya, ana cewa taurin kai ne, aikin yunwa ne a ƙwaƙwalwa.

Amma abin da ya fi shafar zancenmu shi ne abin da ya faru da aka zo mai da su yadda suke. Keys ya gano cewa ƙarin bitamin da furotin bai tsinana wani abin kirki ba muddin yawan kalorin bai kai ba, kuma sai da abinci ya kai wajen kalori 4,000 a rana sa'an nan jiki ya kama ginuwa sosai. Da aka sakar wa wasunsu mara suka ci yadda suke so, sun riƙa wuce kalori 5,000 a rana, kuma kitse ne ya riga tsoka dawowa. An buga sakamakon a shekarar 1950.

Me ya sa jikin da ya ƙanƙance zai bukaci abinci fiye da na ƙato lafiyayye? Domin bashi ake binsa. Lokacin yunwa jiki ya ci tsokarsa, har da ta zuciya, ya rage wutar da yake hurawa, ya dakatar da al'adar mace, ya bar ƙashi yana zaizayewa. Da abinci ya dawo, sai jiki ya shiga biyan waɗannan basussuka gaba ɗaya, kuma wani kaso mai yawa na abin da aka ci yakan tafi a zafi kawai, abin da ya sa masu murmurewa kan yi gumi cikin dare. Ƙara kilo ɗaya na nauyi yana cin rarar kalori fiye da 7,000 bayan abin da jiki ke ƙonawa kullum, ga shi kuma likitoci kan so majinyaci ya riƙa ƙara rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga yarinya 'yar shekara 16 tana bukatar kalori 3,000 ko fiye. Jadawalin nan da ke cewa mace na bukatar kalori 2,000 a rana don lafiyayyu aka yi shi, kuma duk wanda ya miƙa shi ga mai murmurewa ya cuce ta.

Sai dai fa a yi hattara da farkon lamarin. Idan wanda ya daɗe cikin yunwa ya narki abinci da yawa farat ɗaya, sinadarin insulin yakan tashi ya kwashe fosfet da fotasiyam daga jini ya tura su cikin ƙwayoyin halitta, abin da ke iya tsai da zuciya. An ga haka ga fursunonin da aka 'yanto a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Don haka kwanakin farko aikin likita ne, tare da gwajin jini, ba aikin uwa ko malamin makaranta ba.

To, ina matsalar mai cin tsiro zalla? Matsalarsa ita ce cika ciki. Giram 100 na kabeji bai wuce kalori 25 ba, alhali giram 100 na gyaɗa ya haura 550. Cikin mai ciwon kuwa ya saba da zama wayam, yana jinkirin sauke abin da aka zuba masa, sai 'yar loma kaɗan ta sa shi kumburi. Idan aka cika faranti da ganye da ɗanyen kayan lambu, za ta ƙoshi tun ba ta sami rubu'in bukatarta ba, ta kuma rantse ta ci abinci, kuma gaskiya ta faɗa. Mafita ita ce mai da 'ya'yan itatuwa masu maiƙo, domin giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na furotin ko sitaci kuwa 4 kacal. A nan mu Hausawa ba baƙi ba ne. Awara, wadda Turawa ke saye da tsada, ga ta nan a bakin kowace makaranta, ga tunkuza da ƙuli-ƙuli da kantun riɗi da kunun gyaɗa. Shinkafa da wake da mai kuwa cikakken abinci ne, domin sinadarin laisin da hatsi ke da ƙarancinsa yana nan jingim cikin wake. Abu ɗaya ne tsiro ba zai bayar ba, wato bitamin B12, wanda rashinsa ke lalata jini da jijiyoyi a hankali. Wannan tilas a sha shi a ƙwaya. Haka nan a sa ido kan sinadarin ayon da kalsiyam da zink, kuma a daina kora abinci da shayi, domin yana hana hanji tsotsar ayon.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. Wani lokaci ciwon ne ke fakewa da aƙida. Cewa "ni ba na cin abin dabba" hanya ce mai mutunci ta ƙin rabin abin da ke kan tabarma ba tare da kowa ya yi zargi ba. Saboda haka wasu asibitoci kan nemi majinyaci ya jingine tsarin har ya warke. Ni ban goyi bayan a yi wa kowa kuɗin goro ba. Wadda ta shekara biyar kan aƙidarta kafin ciwo ya zo, tilasta mata nama zai sa ta guji likitan ne kawai. Tambayoyin da ya kamata a yi su ne, wanne ya riga wani, aƙidar ko ramar? Kuma shin tana yarda ta ci soyayyar awara da biredi shafe da tunkuza? Idan har mai da sukari da ba su da alaƙa da dabba su ma tana gudunsu, to ba tausayin saniya ke magana ba.

Game da ɗaga ƙarfe, ina cikin masu ganin yana da amfani. Tsoka idan ta ja ƙashi, ƙashin yakan amsa da ƙara kauri, kuma mafi yawan ƙashin da mutum zai rayu da shi yana taruwa ne kafin ya kai shekara 20, daidai lokacin da ciwon ke sace shi. Har ila yau, wanda ya ga hannunsa na iya ɗaukar abin da ya gagare shi a watan jiya yakan fara kallon jikinsa a matsayin abin aiki, ba abin kunya ba. Wannan ya fi gudu da tsalle-tsalle, waɗanda masu ciwon kan mayar hanyar ƙone abin da suka ci. Amma tsoka ba ta ginuwa a filin motsa jiki. Can ana gajiyar da ita ne kawai, ginin yana zuwa daga baya, da abin da aka ci da barcin da aka yi. Wanda ya ɗaga ƙarfe da gibin kalori, jikinsa zai ƙone furotin ɗin da ya ci don samun kuzari, ya fito da ƙasa da abin da ya shiga da shi, ga haɗarin karaya a ƙashin da ya riga ya yi rauni.

Don haka sharuɗɗan da nake ganin ba a sassauta su su ne, likita ya tabbatar bugun zuciya da hawan jini da gishirin jini sun daidaita, nauyi yana hawa mako bayan mako, kuma majinyacin yana cinye abin da aka tsara masa ba tare da kokawa ba. Daga nan sai a fara da nauyin jiki kawai, kamar tsugunawa da miƙewa, sau biyu a mako, minti 20 zuwa 30, a gaban wani babba da ya san halin da ake ciki. Kowace ranar motsa jiki a ƙara abinci a kan na kullum. Idan nauyi ya tsaya, ko aka ga ranar hutu tana jefa yarinyar cikin damuwa da jin laifi, ko aka kama ta tana ƙara wasu a ɓoye cikin ɗaki, sai a ajiye ƙarfen a koma wurin likita. Agogon hannun nan mai ƙirga kalorin da aka ƙone kuwa, a karɓe shi tun ranar farko.