Kada ka jira sai shen ta tsinke

Ƴan uwa matasa, a watan Maris na 2025, lokacin da isansi ya yi wuya a Nijar, masu kabu-kabu suka yini a layin gidan mai, wa ya ci gaba da harkarsa a cikin garin Tahoua? Mai keke. Wanda muke kallo a raine, shi ne ya isa lakwal da kasuwa kan lokaci.

Amma dubi yadda muke riƙon kekunanmu. Shen, wato sarƙar keke, tana kuka tun daga gida har bakin kasuwa, mai ita ko a jikinsa. Ran da ta tsinke a hanya sai mu ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Gaskiya laifinmu ya fi yawa.

Ƙasar Adar ƙasar dutse ce da rairayi, ga ƙurar hunturu. Mu kuwa sai mu ɗebo baƙin man da aka juye daga injin moto mu lafta wa shen. Man nan shi ke kama ƙura, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin ƙusoshin shen kullum. Shen da ta ci sai ta ƙara tsawo, ta koma cin haƙoran pinyo na baya da farantin gaba. Ka ga kashin kuɗi ɗaya ya zama uku.

Mafita ba ta da tsada. Kowane mako ka goge ta da tsumma da tsohon burushi, ka ɗiga mai mara kauri a kowace gaɓa, ka share wanda ya rage a waje. Sannan ka auna: daga ƙusa ta farko zuwa ta 25, sabuwar shen santimita 30 da rabi ce. In ta ƙaru da milimita 3, ta gama aikinta. Canja ta, kada ka bari a yanke gaɓa ɗaya a ce an gyara.

Wani zai ce, ina kuɗin sabuwa? To, malam, shen kaɗai ta fi araha ko shen da pinyo da faranti? Ɗalibin da tasa ta tsinke ran jarrabawa, shi ya san amsar.

Yau kafin magariba, juya kekenka ka duba.