Taya Ba Fata Ba Ce

Akwai wata al'ada da ta kamata a yi magana a kanta tun kaka ba ta yi ba. Manomi a Barkiya ya duba tayar kekensa ko ta amalanken shanu, ya ga hunturu ya sa ta yi fari, har ta soma faso. Sai ya ɗauko man keken ɗinki na uwargida, ko baƙin mai, ya shafe ta, wai ta yi laushi kamar yadda a kan yi wa takalmin fata. To, wannan gyaran gangar Auzinawa ne.

Ga dalili. Fata tana son mai, amma roba ba ta so. Robar taya ƙaron itace ce haɗe da wadda a ke yi daga man fetur. A kan dafa ta da farar wuta don ta yi ƙarfi, dabarar da Charles Goodyear na Amurka ya gano a 1839. Man da ya fito daga fetur kuwa danginta ne, saboda haka ba ya tsayawa a bisa, ratsa ta ya kan yi. Sai ta kumbura, ta yi taushi, ƙarfinta ya ragu. Banda wannan, masu yin taya su kan zuba kakin da ke kare ta daga rana da iska. Mai ya kan narkar da shi, fason da a ke gudu ya ƙaru. Kananzir da fetur sun fi ɓarna.

Ɓarnar ba ta bayyana ran nan. Sai an ɗora buhunan gero da gyaɗa an nufi Kurfi ko Dutsin-Ma, rana ta take, taya ta fashe a daji. Ga shanu a tsaye, kasuwa tana ci. Mai faci ma ya sha wuya, don sholisho ba ya kama robar da ta sha mai. In kuwa man ya taɓa robar birki, keke ba ya tsayawa a gangare.

Abin yi kaɗan ne. Mai na ƙarfe ne, watau sarƙa da boris, ɗigo biyu ko uku, a share ragowar da tsumma. Taya kuwa ruwa da sabulu sun ishe ta, ko wajen wanki ko wajen sa ta a gare. A ajiye amalanke a inuwa, nesa da inda a ke juye man injin ban-ruwa. Wadda fasonta ya kai ga zare, babu man da zai warkar da ita, sai sabuwa.

Allah ya kai mu kaka lafiya.