Wa ke da gidan gaba a jirgin sama?

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a tashar Ƙofar 'Yandaka zuwa Batsari ya san dokar gidan gaba. Wanda ya riga zuwa shi ke da shi, wanda ke son zama shi kaɗai ya biya kuɗin mutum biyu, in kuwa dattijo ya iso yana dogara sanda, sau da yawa saurayi kan sauka ya ba shi tun ɗan kamasho bai yi magana ba. Ba a rubuce dokar take ba, amma kowa ya san ta. Jirgin sama ma yana da nasa gidan gaban, sai dai akasarin masu biyan kuɗin ba su san yadda ake rabonsa ba.

Kujerun da ake rububi ba boyayyu ba ne: na layukan gaba inda ake fara sauka, na bakin hanya, na gefen taga, da na bakin ƙofar gaggawa inda mutum ke samun wurin miƙe ƙafa. Bayan da Amurka ta sakar wa kamfanonin jiragenta mara a 1978, gasa ta yi zafi, sai kamfanin American Airlines ya ɓullo da shirin AAdvantage a 1981 don riƙe masu yawan tafiya. Sauran duniya ta bi sahu. Ana kasa fasinjoji mataki-mataki, wannan mai katin azurfa, wancan na zinariya, gwargwadon tafiyar da mutum ya yi ko kuɗin da ya kashe a shekara. Kwamfuta kan toshe kujerun alfarma, ta fara buɗe su ga mai babban mataki, sannan mai tikiti mai tsada, sannan wanda ya yarda ya biya ƙari. Abin da ya rage shi ake raba wa sauran jama'a dab da tashi, kuma yawanci kujerar tsakiya ce a can baya.

Ba ƙananan kuɗi ke cikin wannan harka ba. Wani kwamitin bincike na Majalisar Dattawan Amurka ya bayyana a 2024 cewa kamfanoni biyar sun tara dala biliyan 12.4 daga kuɗin zaɓen kujera kaɗai tsakanin 2018 da 2023. Hatta kamfanin Southwest, wanda ya shafe sama da shekara hamsin yana barin kowa ya zauna inda ya samu, ya sanar a 2024 cewa zai daina.

Ni dai ban ga laifin ɗan kasuwa ba don ya kyautata wa mai yawan yi masa ciniki; ko mai shago a kasuwa yana yi wa tsohon abokin hulɗa ragi. Amma da sharaɗi biyu. Na farko, ƙa'idar ta kasance a fili. Na biyu, kada ta taka mai rauni. Kan haka ne Italiya ta hana karɓar ƙarin kuɗi don yaro ya zauna kusa da iyayensa a 2021, Indiya ma ta umarci kamfanoninta a 2024 su zaunar da yaron da bai wuce shekara 12 ba kusa da uwa ko uba.

A nan gida kuwa, katin da ya fi aiki shi ne sanayya da babbar riga. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Yunin 2025 Sanata Adams Oshiomhole ya yi sa-in-sa da ma'aikatan Air Peace a filin jirgin Legas. Shi ya yi zargin ana sayar da kujerun waɗanda suka riga suka biya ga wasu da tsada, kamfanin ya musanta, ya ce latti ya yi. Ba nawa ba ne in raba gardamar. Abin lura shi ne, in har sanata na kukan kujera, ina ga talakan da ba shi da wanda zai buga wa waya?

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Da yawa daga cikin mutanen Jihar Katsina da ke hawa jirgi a filin Umaru Musa 'Yar'aduwa sau ɗaya suke hawa a rayuwarsu, wato ranar tafiya Makka. Manomi daga Safana ko tsohuwa daga Jibiya ba za su taɓa mallakar katin zinariya ba. A Hajjin 2025 maniyyacin Arewa da ya bi ta hukumar jiha ya biya sama da naira miliyan takwas, kuma kuɗin kowa ɗaya ne. Babu tikiti mai tsada, babu mai yawan tafiya. To, da wane ma'auni ake raba gidan gaba a tafiyar sa'o'i huɗu zuwa biyar? Inda babu rubutacciyar ƙa'ida, mai uwa a gindin murhu ne ke cin tuwo da miya, kuma mun san su: jami'ai, 'yan rakiyar manya, da waɗanda suka sami kujerar kyauta.

Idan kuɗi ɗaya ne, ma'aunin da ya rage shi ne buƙata. Kujerun kusa da ƙofa da makewayi na tsofaffi da marasa lafiya ne. Mace ta zauna kusa da mijinta ko muharraminta, ko tsakanin 'yan'uwanta mata. Bakin ƙofar gaggawa kuma ba wurin shaƙatawa ba ne, aiki ne: sai mai ƙarfin jiki da ke jin harshen ma'aikatan jirgi, wanda zai iya buɗe ƙofar in ta ɓaci. A jirgin da yawancin fasinjojinsa Hausa ko Fulatanci kawai suke ji, wannan magana ce ta rai da mutuwa.

Gyaran ba ya buƙatar kwabo. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006, da hukumar jin daɗin alhazai ta jiha suna riƙe da shekarun kowane maniyyaci da sakamakon gwajin lafiyarsa. Su rubuta ƙa'idar, su sa ta cikin yarjejeniyar da suke ƙullawa da kamfanonin jigila, a karanta ta a wurin bita da Hausa, kowa ya san lambar kujerarsa tun yana sansani. Jami'ai kuma a warwatsa su cikin alhazai, tunda hidima aka ɗauke su yi. Ita ma hukumar NCAA ta tilasta wa kamfanonin cikin gida su bayyana yadda suke rabon kujera tun kafin a sayi tikiti.

Tafiya ce da sarki da talaka ke ɗaura harami iri ɗaya. Bai kamata a fara ta da nuna wa tsoho cewa shi ba kowa ba ne. Allah Ya sa masu abin su ji, su gyara.