Kare Ma Yana Da Hakki A Kanmu

Daga Wakilinmu, Ikorodu

Ran nan da la'asar ina zaune wurin mai shayi a Sabo, nan Ikorodu, sai ga yara sun taso wani kwikwiyo da jifa har ya faɗa kwata. Manya wajen goma muna wurin, 'yan Arewa zalla, amma ba wanda ya ce kanzil. Da na tashi na tsawata wa yaran, sai wani dattijo ya dube ni ya ce, "Haba Malam, a kan kare?" I, Baba, a kan kare. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ke nan.

Ba na ɓoyewa, tun ina yaro nake son kare. A ƙauyenmu, can ƙasar Katsina, kakana mafarauci ne. Yana da wata karya ja, siririya, mai dogayen ƙafafu, ana ce mata Guguwa. In an kawar da amfanin gona aka shiga farauta, zomo bai isa ya tsere mata ba. Da dare kuwa tana bakin garke, ɓarawo bai taɓa kwance mana ko ɗan akuya ba. Ladanta ƙanzon tuwo ne da ƙashi. Ba ta shiga ɗaki, ba ta taɓa ƙwaryar kowa, amma kakana ba ya kwanciya sai ya tabbata ta ci ta sha.

Na san abin da wasu za su ce: ai addini ya hana. Ni ba malami ba ne, amma ga abin da aka karantar da mu. Gaskiya ne akwai hadisin da ya nuna ladan mutum na raguwa in ya ajiye kare ba don farauta, ko kiwo, ko tsaron gona ba. Amma a Suratul Ma'ida, aya ta 4, an halatta naman da dabbar farauta horarriya ta kamo. Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin nan na kogo. Bukhari kuma ya kawo labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya yi lallagi a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. To, ina aka ce a jefe shi? Ƙin ajiyewa daban, zalunci daban.

Da na zo Kurmi sai na tarad da wata duniyar karnuka. Yawancin 'yan'uwanmu masu gadi a Agric da Ebute da Igbogbo sun fi ni saninsu, don su ne ke kwana da su. Akwai Alseshiyan, wanda muke kira karen 'yan sanda. Asalinsa Jamus, wani hafsan soja, Max von Stephanitz, shi ya kafa irinsa a 1899 don kiwon tumaki. Kare ne mai kaifin hankali, mai jin horo, ina girmama shi. Akwai Rotwaila, shi ma na Jamus, da Burbul na manoman Afirka ta Kudu, masu ƙirar ƙarfi. Sai kuma Kokeshiyan, wanda masu kuɗin Ikko suke yayi. Wannan bawan Allah ɗan duwatsun Kokesas ne, wajen Jojiya da kudancin Rasha, inda ƙanƙara ke zuba. An ɗauko shi da tulin gashinsa an kulle a keji cikin zafin Ikko, yini guda yana haki. Ba ƙauna ba ce wannan, fariya ce.

In aka ce in zaɓa, ni dai namu na gida. Karen farautarmu gashinsa gajere, yana jure zafi, yana jure yunwa, abin da ka ci shi zai ci. Yana kuma da ɗan'uwa a Arewa da mu, wanda Buzaye ke kiwo a kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, arewa da Tawa. Dogo ne, siriri, yana bin barewa da zomo, yana kuma tsaron rugga. Turawa sun gan shi sun yi sha'awa, sun kai shi ƙasashensu tun shekarun 1970, har babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sa shi cikin cikakken jerinta a 2019. Abin da muke raina wa a gida, ga shi wasu na alfahari da shi. Mu kuwa mun bar namu yana yawon juji, mun koma sayen wanda ƙasar ba ta karɓe shi ba. Tsugunne ba ta ƙare ba, an sai da kare an sayi biri.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, wato haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga cizon kare ne. In alamunta suka bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Alhali maganin abin ba sabo ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa yaro na farko allurarta ya tsira. A nan gida ma, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ke nan tun 1924, tana yin allurar karnuka. Masana sun ce in aka yi wa kare bakwai cikin goma allura a gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Jifa bai taɓa kawar da ita ba, sai ma ya jawo wa yaro cizo.

Saboda haka, ya 'yan'uwana mazauna Kurmi, ga roƙona. Kai mai gadi, in Oga ya ba ka kula da karensa, tambaye shi takardar allura cikin ladabi, ranka ne. In kare ya ciji wani, kada a tsaya shafa toka ko ɗaure wurin. A wanke da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Kai mai kare, ka ciyar da shi, ka cire masa kaska, ka kai shi wurin likitan dabbobi, kada ka sake shi ya firgita maƙwabta. In ba za ka iya ba, kada ka ajiye.

Sarakunan Hausawa na Ikorodu da Agege da sauran zangunanmu, da limamai, ku ne ake ji. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara duniya ke tunawa da wannan cuta. Me zai hana ku nemi ma'aikatan dabbobi na jiha su zo unguwanninmu a ranar? Rigakafi ya fi magani.

Kwikwiyon nan kuwa na ciro shi daga kwata, an yi masa allura, yanzu yana gadin shagon wani mai faci. Ja ne, siriri. Na sa masa suna Guguwa. Allah Ya sa mu zama masu tausayin abin da ba ya iya kai ƙara, amin.