Ku Daina Kashe Ƙararrawar da Ba Ku Karanta Ba

Da ku nake, masu kula da rumbun bayanai na bankuna da kamfanoni. Ƙarfe biyun dare manhajar sa ido ta aiko saƙo cewa ma'ajiyar wucin gadi ta shiga matsi, kun leƙa waya da ido ɗaya, kun danna alamar an gani, kun ja bargo. Da safe mai himmar cikinku ya sassauta ma'aunin don kada a sake tashinsa. Wannan ba aiki ba ne, sakaci ne da ake biyan albashi a kansa.

Saƙon ba dogon zance yake yi ba. Rumbun yana ajiye shafukan da aka fi nema a cikin RAM don kada ya riƙa komawa faifai, kowane shafi kilobait 8 a SQL Server da PostgreSQL, 16 a InnoDB na MySQL. Idan wuri ya cika, sai a kori tsohon shafi a shigo da sabo. Korar ce ta yi yawa, shi ya sa aka tashe ku. Tambayar ita ce, wa ke korar?

Amma ku ba ku tambaya. Kun ga kashi 99 cikin ɗari na buƙatu daga ma'ajiyar ake biyansu, allo ya yi kore, shi ke nan hankali ya kwanta. Tun 2001 Cary Millsap ya nuna wa masu Oracle cewa wannan adadin yana ruɗi. Umarni ɗaya marar kan gado da ke karanta shafuka iri ɗaya sau miliyoyi zai ɗaga adadin sama, alhali yana cinye ƙarfin injin, mai karɓar kuɗi a kanta kuma tana ba layi haƙuri. A SQL Server ma, shafukan da injin ya riga ya ɗebo daga faifai kafin a nema ana lissafa su cikin nasara. Faifai na nishi, allo na murmushi.

Sai kuma sakan 300 ɗin nan da kuka gada ba ku bincika ba, wai muddin shafi yana kai minti biyar a ma'ajiya lafiya lau ne. An yanka wannan adadi ne a zamanin da sabar mai gigabait 4 take abin alfahari. Yau idan ma'ajiyarku gigabait 256 ce kuma tana juyewa kaf a minti biyar, kusan megabait 850 ke nan ake jawowa daga faifai a kowane sakan. Ga matsala tana ci, ƙararrawarku ko tari ba ta yi ba, domin ku kuka hana ta.

In abin ya fashe, takardar neman ƙarin RAM ce kan teburin manaja. An bar jaki ana dukan taiki. Kun duba wane umarni ne ya bi tebur mai layuka miliyoyi daga kai har ƙafa don babu fihirisa? Kun duba ko rahoton ƙarshen wata ne ke faɗowa daidai lokacin da ake sake gina fihirisa? Wasunku ma, kunya ta hana a faɗa, sun bar ma'ajiyar PostgreSQL da MySQL a kan megabait 128 da suka zo da shi, a kan injin da aka zuba wa miliyoyi.

Ku auna yadda rumbunku yake a ranar lafiya, dare da rana, har da ƙarshen wata, ku sa ma'auni daga nan. Idan saƙo ya zo, a buɗe jerin umarnin da suka fi karatu a wannan sa'ar kafin kowa ya taɓa maɓallin shiru.